Yadda Bulama Ya Zauna Har Gari Ya Watse

Magana biyu nake ji ana yi a kan ubanku a garin nan na Diffa, kuma duka biyun ba su yi mini ba. Wasu, yawanci waɗanda ba su taɓa sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi ba, cewa suke Bulama Modu namijin duniya ne, bai san tsoro ba. Wasu kuma, a rumfunan ƴan gudun hijira na bakin kwalta, cewa suke taurin kansa ne ya ci Malam Aji da ƴaƴansa biyu. Na ga kun ɗauki ta farkon kuna yawo da ita, har Bukar, babbanku, ya kusa ba hammata iska da wani a kasuwar tattasai saboda ta biyun. To ku ji daga bakin wadda ta wanke rigunansa. Na tsufa, ƙafa ta fara ƙi, kuma ba na son in tafi in bar muku uban da ba shi ne na aura ba. Da Hausa nake ba ku labarin don jikokina a Diffa suka buɗe ido, Barbarcinsu bai wuce gaisuwa ba, amma yawancin maganganun da za ku ji da harshenmu aka yi su.

Garinmu yana gabas da Geskeru, a bakin kogin Komadugu. Ba zan faɗi sunansa ba, babu abin da ya rage a wurin sai bangwaye da bishiyoyi. Tattasai muke nomawa, kuma idan lokacin shanya ya yi, ko'ina ja yake, yara suna atishawa, awaki ma suna yi. A garin akwai wata al'ada da ku ƙanana ba ku tarar ba. Bulama yana zama a ƙofar gidansa, a kan buzu, ƙarƙashin dogon yaro, daga fitowar rana zuwa hantsi, sannan daga la'asar zuwa magariba. Ba don hira yake zaman ba. Da zaman nan mutane suke sanin halin da gari yake ciki. Mace za ta tafi kogi, sai ta leƙa ta tambayi ta gabanta, “Bulama na zaune?” Idan aka ce yana zaune, shi ke nan, ta saɓa tulunta. Bulama ba ya gudu, ko ruwan sama ne ya tsuge. Ba ya ɗaga murya, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwaye idan an kira shi ta baya. Ƙasa-ƙasa yake magana, ƙaninsa Gana, baffanku, shi ke ɗaga ta jama'a su ji. Haka ubansa ya yi, haka ya horar da shi tun yana ƙarami. Ni da aka kawo ni gidan ina amarya, dariya abin ya riƙa ba ni. Na taɓa ce masa ko wuta ta kama rigarsa sai ya jira Gana ya zo ya faɗa masa. Bai yi dariya ba sai da muka shiga ɗaki.

A shekarar da nake ba ku labari, mutanen daji masu bindigogi sun riga sun cika tsallaken kogi. An hana hawa babur, taki ya yi wuya, injinan ban ruwa da yawa sun yi shiru saboda rashin mai. Sojoji suna zuwa suna wucewa, ba za su iya kwana a kowane ƙauye ba. Abin da ya tsare mu shi ne ruwa, don lokacin Komadugu a cike yake, ba mai ƙetarewa da ƙafa. Wani gari da ke gabas da mu, da tsoro ya kama su, sai suka tashi gaba ɗaya da safe, da shanu da gadaje da kuka. Kafin su kai kwalta aka tare su a daji. Mun wanke gawarwakin wasu daga cikinsu, don haka ba labari aka ba mu ba. Bayan wannan wasu gidaje kaɗan na garinmu suka sulale suka koma bakin kwalta, cikinsu har da Malam Aji da matarsa Bintu da samarinsu biyu. Malam Aji abokin ubanku ne tun suna kiwon awaki, mutum mai fara'a, wanda gonarsa ta fi ta kowa kusa da ruwa.

Wata rana da hantsi sai ga mutum biyu sun zo da kwale-kwale, suka ce sayen tattasai ya kawo su. Ina bayan zana ina tankaɗe, ba abin da ya raba ni da buzun sai zanar. Suka gaisa, ubanku ya zuba musu shayi. Sai babban ya rage murya.

“Bulama, idan ruwa ya ja za mu dawo. Kowane gida mai saurayi zai ba mu ɗaya. Kafin nan kada mu ji motsi. Wannan ɗan'uwan namu zai zauna nan yana sayen tattasai.”

Gana ya buɗe baki, ubanku ya ɗora masa hannu a gwiwa.

“Na ji,” in ji ubanku. “A ba baƙo masauki.”

Ya ƙarasa zamansa har rana ta take, ya raba gardamar wasu mutum biyu a kan iyakar gona, sannan ya miƙe ya shigo gida a hankali kamar kullum. Yana wuce zaure ya nufi bayan rumbu, ya durƙusa ya yi ta amai har ba abin da ke fita. Na kai masa buta, butar ta faɗi daga hannunsa. Na yi shekaru da mutumin nan ban taɓa ganin haka ba, kuma tsoron da ya kama ni a lokacin ya fi na maganar baƙin.

“Fanna, riƙe mini hannuwan nan,” ya ce. “Sun ƙi tsayawa.”

Na riƙe su har suka lafa. Da la'asar ya sake riga, ya gyara hula, ya fita ya zauna.

Mu uku muka san abin da aka shirya, shi da Gana da ni. Bai yarda da kowa ba, don a lokacin ba ka san kunnen da ke kai magana tsallake ba, wani ma tsoro ne ke sa shi ba mugunta ba. Shirin shi ne gari ya fita kaɗan-kaɗan, gida bayan gida, kowa da dalilinsa. Wannan zai kai tattasai Diffa, wancan matarsa ba lafiya za a kai ta likita a Geskeru, wani kuma gaisuwar mutuwa a Shetimari. Sai da safen tafiya Gana zai ja mai gida gefe a gona ya ce masa, ka tafi da iyalinka, kada ka ɗauki abin da ba zai ɓuya a ƙarƙashin buhu ba, kada ka dawo sai an kira ka. Shi kuma Bulama zai ci gaba da zama. Baƙon nan ɗan kwarin kogin nan ne, ya san al'adarmu sarai. Muddin yana ganin Bulama a kan buzu, butar shayi a kan gawayi, zai gaya wa mutanensa gari yana nan.

Ni na ce a fara da Bukar. Ɗana ne, saurayi ne, shi za su fara nema. Ubanku ya girgiza kai.

“Idan Bukar ya ɓace yau, gobe gari duka ya san akwai magana. A bar shi a gan shi wurin inji.”

“To ƴaƴan wasu sun fi naka ke nan?”

“Gidan Bulama shi ne na ƙarshe, Fanna. Kin san haka tun ranar da aka kawo ki.”

“Ranar da aka kawo ni ba wanda ya ce mini da jinin ɗana za a yi sarautar.”

Na faɗa masa maganganun da suka fi wannan zafi, kuma ban janye su ba. Na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba tare da na dube shi ba. Ko da na dube shi ma ba ci yake ba, burabusko yake juyawa da yatsa ya mayar da murfi. Ya rame har na riƙa ƙara masa riga a ciki don kada babbar rigar ta nuna. Bukar kuwa, da yake bai san kome ba, haushin ubansa yake ji. Kullum yana cewa ana barin gari, Baba yana zaune yana shan shayi kamar ba a ƙasar yake ba. Kai Bukar, ka tuna ranar da ka faɗi haka a gabansa, ya ce maka ka je ka duba ruwa a gona? Da ka fita, hawaye ne ya zubo masa.

Aikina shi ne hayaƙi. Gidan da mutanensa suka tafi, ni da wasu tsofaffin mata biyu da Gana ya sanar daga baya muke zagayawa da safe mu hura wuta a murhu, mu watsa wa kaji tsaba, mu shanya tsumma a kan zana. Wanda ya hango daga gindin dogon yaro zai ga hayaƙi yana tashi ko'ina. Shi kuma ubanku ya ƙara da nasa. Ya sa aka kwaɓa ƙasa a gefen ƙofar gida aka fara buga tubali, ya ce ɗaki zai gina wa Bukar. Baƙon ya zagaya tubalin yana murmushi, har ya taya juya su a rana. Dabarar ta ci, kuma a lokacin na ji daɗinta. Ba mu yi tunanin cewa labarin tubali ma yana da ƙafa ba. Masu kai tattasai, waɗanda ba a gaya musu kome ba tukuna, suka kai shi bakin kwalta. Aka ce Bulama na zaune, har gini yake yi.

Ruwa ya fara ja. Kowace safiya idan na je kogi sai in ga yashi ya ƙara fitowa. Ranar da aka tsayar don fitar gidanmu, saura tsofaffi da ba sa iya tafiyar ƙafa, da wasu mata masu goyo, da mu. Aka ɗaura shanu a amalanke uku, aka jera buhunan tattasai, aka ce bikin ƴar ƙanwata za mu je Geskeru. Bukar zai kora ta gaba, Gana ta baya. Shi Bulama zai zauna har azahar, idan baƙon ya shiga masallaci sai ya fita kamar mai zuwa duba gona, ya bi ta cikin kurmi ya same mu.

Ina ɗaure ƙullin kaya a ƙofar gida sai na ji sallama da muryar da na sani. Malam Aji ne, da samarinsa biyu a bayansa, kowa da buhu a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Bulama yana dariya, baƙon yana zaune a bakin buzun, wayarsa a hannu.

“Allah ya ja zamanin Bulama. Mun gaji da zaman tampol da jiran a ba mu. Tattasaina yana can yana bushewa a tsaye. Da na ji kana buga tubali na ce wa Bintu, to mu me muke yi a nan?”

Ubanku ya ɗaga butar shayi ya zuba daga sama kamar yadda ya saba, ko ɗigo bai zuba a ƙasa ba.

“Malam Aji, ka koma wurin Bintu yau. Tsinkar tattasan ta bari sai wani mako.”

“Haba, ranka ya daɗe, na zo har nan? Kafin la'asar mun cika buhunan nan.”

“Na ce ka koma yau.”

Da muryar da yake cewa a kawo gawayi ya faɗe ta, don ita kaɗai gare shi a bainar jama'a. Gana ya maimaita da ƙarfi, yana ƙifta ido har na ji tsoron baƙon zai lura. Malam Aji ya ɗauka zolayar abokai ce. Ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya miƙe.

Na tare shi a bayan amalanke kamar zan ba shi saƙo wurin Bintu. Ban yi masa kwana-kwana ba.

“Malam, gari ba kowa. Hayaƙin nan ni na hura shi. Mutumin can nasu ne. Don Allah ku biyo mu yanzu.”

Ya tsaya. Na ga maganar ta shige shi, fuskarsa ta canja. Sai ya ɗaga kai ya hango ubanku ta saman buhuna. Yana zaune daram, ƙafa a harɗe, yana sauraron baƙon yana gyaɗa kai. Malam Aji ya daɗe yana kallonsa, sannan na ga kafaɗunsa sun sauka.

“Kai, Fanna, ke dai da tsoro tun kina yarinya. Dubi mijinki. Na san Modu tun ba shi da wando. Da akwai wani abu, da na gani a fuskarsa.”

Ya kira ƴaƴansa suka gangara wajen kogi. Na bi su da ido har suka shiga cikin gonaki.

Kun sha tambayata me ya hana ubanku ya tashi tsaye ya daka masa tsawa. Ga abin da ya hana. Da ya yi haka, baƙon zai danna waya kafin mu fita daga gari, kuma tsakaninmu da kwalta daji ne, shanu ba sa sauri, amalanken cike suke da tsofaffi da jarirai. Ya auna, ya zaɓa, yana kallon abokinsa yana tafiya. Ban ce zaɓin ya yi daidai ba, ban ce bai yi ba. Ina cikin amalanken da zaɓin ya tsirar, don haka ba ni da bakin yanke hukunci.

Da muka zo wucewa ta gabansa bai tashi ba. Bulama ba ya tashi don matarsa za ta biki. Ya ɗago kai kaɗan.

“A sauka lafiya. Ki gaida mutan gidan. Ki taho da ganyen shayi, namu ya kusa ƙarewa.”

“To,” na ce.

Iyakar sallamarmu ke nan. Lokacin sanyi ne, amma na ga gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa yana shiga wuyan riga. Na so in sauka in share masa, Gana ya kaɗa shanu.

Mun kai kwalta bayan azahar. Ba mu gama sauke tsofaffi ba muka ji harbi daga wajen kogi, can ƙasa-ƙasa, sannan hayaƙi ya tashi, ba irin wanda nake hurawa ba. Bintu ta fito daga rumfarta tana duba fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ni ina Aji, na juya na dubi inda hayaƙin yake tashi. Muka tsaya a bakin hanya muna kallon kurmi har rana ta faɗi, ba wanda ya fito.

Washegari Gana ya bi sojoji suka je. Da ya dawo ya tara jama'a ya ce an sami Bulama a ƙofar gidansa, a kan buzunsa. Daga nan labarin namijin duniya ya samo asali, kuma daga nan ne masu zaginsa suka ce ya zauna yana kallo aka kashe mutane. Amma ni Gana ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya, ya roƙe ni kada ta fita, wai don mutuncin gidan. Na riƙe ta har Gana ya rasu, yanzu kuma na ga riƙon ba ya amfanin kowa. Ba a kan buzu aka same shi ba. Ba kuma a hanyar kurmi ba, inda ya kamata ya bi ya tsira. A hanyar gonar Malam Aji aka same shi, kusa da ruwa. Hularsa tana can baya a ƙasa, takalminsa ɗaya a wani wuri, babbar rigar ya tuɓe ta ya yar. Sawunsa a kan yashi tsalle-tsalle ne. Ubanku gudu ya yi. Bai kai ba, ana hango gonar daga inda ya faɗi. Gawarwakin Malam Aji da ƴaƴansa suna tsakanin kunyoyin gonar, buhunansu ko rabi ba su cika ba.

Bintu ta daina gaishe ni tun daga ranar. Ba ta zage ni ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, idan mun haɗu sai ta dubi wani wuri. Ban ga laifinta ba. Ni na fito da ɗana, ita ba ta da ko ɗaya. Muka yi shekaru a haka a bakin kwalta, rumfarta tana kallon tawa, har Bukar ya sami aikin dako a kasuwa ya ɗauko mu zuwa cikin Diffa.

Bara na koma can gaisuwar mutuwa, na same ta a layin famfo. Ta tsufa fiye da ni, ko da yake na girme ta. Na tsaya a bayanta. Can, ba tare da ta juyo ba, sai na ji muryarta.

“Fanna, in tambaye ki. Mijin nan naki, ya taɓa jin tsoro kuwa?”

“Ya fi mu duka ji, Bintu.”

Sai na gaya mata inda aka same shi, da hular, da takalmin, da sawun. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa. Na yi zaton zai sanyaya mata zuciya, watakila ni ma in sami sauƙi. Jarkarta ta cika ta fara zuba. Ta rufe ta, ta share hannu a zane, sannan ta dube ni ido cikin ido.

“Da safe ya kamata ya yi gudun,” ta ce, “lokacin da Aji yake kallonsa.”

Na taya ta ɗora jarkar a kai, ta yarda na taya ta. Ta tafi, ni kuma na tsaya a wurin har ta bayana ta ce in matsa.